Tabar Wiwi a Matsayin Magani: Amfanin da Aka Tabbatar da Haɗarin da Ke Ciki

A 'yan shekarun nan majinyata da 'yan'uwansu na yawan tambayar ko da gaske ne Turawa sun mai da tabar wiwi magani. Wasu a Facebook ko TikTok suka gani, wasu kuma an turo musu ta WhatsApp, ana cewa tana warkar da kansa, farfaɗiya, asma, sikila da ciwon jiki. Amsar a taƙaice ita ce: an haɗa magunguna 'yan kaɗan daga sinadaran wannan tsiro, ana ba da su don cututtuka 'yan kaɗan, da awo, a ƙarƙashin kulawar likita. Ganyen da ake naɗewa a zuƙa, ko a dafa a sha, ba ya cikin waɗannan magunguna. Wannan bayani zai nuna muku inda amfanin ya tsaya, da irin illar da ke biyo baya, da abin da ya kamata ku yi idan ku ko wani naku ya riga ya fara sha.

Me ke cikin tsiron?

Tsiron wiwi na ɗauke da sinadarai sama da ɗari waɗanda likitoci ke kira kanabinoyid. Biyu ne aka fi sani.

Na farko shi ne THC. Shi ke bugarwa, shi ke jan ido ya yi ja, ya ƙara bugun zuciya, ya buɗe ciki da yunwa. Masana biyu a Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, su suka ware shi suka fayyace siffarsa a 1964.

Na biyu shi ne CBD. Ba ya bugarwa, kuma shi ne aka gano yana rage wasu nau'o'in farfaɗiya. Wiwin da ake sayarwa don maye galibi THC ne ya yi mata yawa, CBD ɗin cikinta kaɗan ne, domin masu nomanta maye suke nema.

Yadda take aiki a jiki

A ƙwaƙwalwa da jijiyoyi akwai wasu ƙananan makarɓai, kamar kwaɗo da ke jiran mabuɗinsa. An gano su a farkon shekarun 1990, aka sa musu suna CB1 da CB2. Jikin ɗan Adam da kansa yana haɗa nasa mabuɗan, ɗan kaɗan, a daidai lokacin da ake buƙata, don daidaita barci, cin abinci, jin zafi, tunawa da yanayin rai. THC mabuɗi ne na waje da ke buɗe ƙofofin gaba ɗaya, kuma ya daɗe bai fita ba. Wannan ne ya sa abu ɗaya ke iya rage tashin zuciya, kuma ya rikita tunani a lokaci guda.

Idan an zuƙa, tana fara aiki cikin mintoci, ta kai awa biyu zuwa huɗu. Idan an ci a abinci ko an sha a shayi, takan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu kafin a ji ta, sannan ta kai awa shida ko fiye. Nan ne mutane da yawa ke wuce gona da iri: sai mutum ya ga shiru ya ƙara, daga baya duka biyun su taso masa tare.

Magungunan da aka amince da su

Tashin zuciya da amai bayan maganin kansa. A 1985 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da dronabinol da nabilone, ƙwayoyin da aka haɗa a masana'anta masu aiki irin na THC, don masu amai bayan an ɗura musu maganin kansa, idan sauran magunguna sun gaza. A yau ana farawa ne da ondansetron da dexamethasone, waɗanda ake samu a Nijeriya, kuma ba sa bugarwa.

Rashin cin abinci da rama ga masu cuta mai karya garkuwar jiki. An amince da dronabinol don wannan a 1992, kafin a samu magungunan da ke danne ƙwayar cutar yadda ya kamata. Yanzu da ake ba da waɗannan magunguna kyauta a asibitocin gwamnati, su ne ke dawo wa majinyaci da ƙibarsa.

Sanƙarewar gaɓoɓi a cutar MS. Wannan cuta ce da ke cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. An fi samunta a Turai da Amurka, ba ta da yawa a ƙasashenmu. A 2010 Ingila ta amince da Sativex, maganin fesawa a baki mai ɗauke da THC da CBD kusan daidai wa daida.

Farfaɗiyar yara mai wuyar magani. A 2018 Amurka ta amince da Epidiolex, tataccen man CBD, don nau'o'i biyu da ba a cika samu ba, Dravet da Lennox-Gastaut, aka ƙara na uku a 2020. A gwajin da aka yi kan yara da matasa 120 masu Dravet, waɗanda aka ba maganin sun sauko daga faɗuwa kusan sau 12 a wata zuwa kusan sau 6. Waɗanda aka ba ruwan da babu magani a ciki sun tsaya a kusan sau 14. Ku lura da abu uku: ragewa ya yi ga mafi yawansu, bai kawar ba, an ɗora shi ne a kan magungunan da yaran ke sha, ba a dakatar da su ba, kuma ya jawo wa wasu gudawa, yawan barci da taɓuwar hanta, musamman masu shan sodium valproate, shi ya sa ake yi musu gwajin jini a kai a kai.

Farfaɗiyar da muke gani a nan

Sau da yawa farfaɗiya a yankinmu takan biyo bayan zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko doguwar naƙuda, ko buguwar kai a haɗarin babur, ko sanƙarau. Mutanen Jega, Aliero da Gwandu ba su manta da ɓarkewar sanƙarau ta farkon 2025 ba, kuma wasu daga cikin waɗanda suka tashi daga irin wannan ciwo kan fara faɗuwa bayan watanni. Irin wannan farfaɗiya tana jin phenobarbitone, carbamazepine ko sodium valproate. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum bakwai cikin goma na iya daina faɗuwa idan an gano ciwon daidai kuma suna shan magani ba fashi.

Kada ku taɓa ba yaro ruwan dafaffen ganyen wiwi ko ku yi masa hayaƙinta. Abin da zai shiga jikinsa THC ne, wanda ke iya sumar da ƙaramin yaro, ya kuma tayar da jijjiga. Kada kuma ku dakatar da maganin farfaɗiya lokaci guda don gwada wani abu, domin hakan na jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa.

Inda hujjar ke da rauni ko babu ita

Ciwon jiki mai daɗewa. Nan ne masana suka fi saɓani. Wani babban rahoto na cibiyoyin kimiyya na Amurka a 2017 ya ce akwai hujjar cewa waɗannan sinadarai na rage ciwo mai daɗewa ga manya, musamman na jijiya. Amma sauƙin da ake samu kaɗan ne, kuma da yawa kan daina saboda jiri da ruɗewa. A 2019 hukumar da ke tsara jagorar magani a Ingila ta ce kada a rubuta su don ciwo mai daɗewa, a 2021 kuma ƙungiyar masana ciwo ta duniya ta ce ba ta goyon bayan amfani da su don rage zafi, saboda hujjar ba ta isa ba. Manomin albasa ko shinkafa da ke yini a duƙe, ko ɗan dako a kasuwar Jega, ciwon bayansa na buƙatar a duba musabbabinsa. Wanda ya bar tramadol ya koma wiwi ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Zafin karaya. Aliero ta yi suna da ɗori, mutane na zuwa daga nesa su yi makonni suna jinya, kuma a irin wannan zama ba a rasa mai ba da shawarar a ɗan zuƙa don a samu barci. Akwai haɗari biyu. Zafin da ke ƙaruwa bayan ɗauri, tare da kumburi, sanyin yatsu, mutuwar jiki ko canjin launi, alama ce cewa jini ba ya wucewa, kuma sa'o'i kaɗan ke raba tsira da yanke gaɓa. Duk abin da zai dusashe hankalin majinyaci yana ɓoye wannan gargaɗi. Na biyu, galibi ana haɗa wiwi da taba sigari, wadda aka tabbatar tana jinkirta haɗewar ƙashi.

Sikila. An yi wani ƙaramin gwaji a Amurka, aka wallafa a 2020, kan masu sikila 23. Ba a samu bambancin a zo a gani ba a zafin ciwo tsakanin kwanakin da suka shaƙi wiwi da waɗanda suka shaƙi abin da babu ita a ciki. Hayaƙi kowane iri ne yana rage iskar da jini ke ɗauka, kuma huhu na cikin wuraren da sikila ta fi kashewa ta nan. Abin da aka tabbatar yana rage tashin ciwon shi ne hydroxyurea, da yawan shan ruwa, da kariya daga sauro, da zuwa asibiti da wuri.

Kansa. An ga THC da CBD na kashe wasu ƙwayoyin kansa a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye. Babu gwajin da ya nuna suna warkar da kansa a jikin mutum. Babbar illar wannan jita-jita ita ce ɓata lokaci: mace ta ji ƙullutu a mama, ta yi wata shida tana shafa mai, ta zo bayan ciwon ya bazu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato na da sashen kula da masu kansa, kuma akwai morphine na asibiti don zafin da ya tsananta.

Hawan jinin ido. Wiwi na sauke matsin cikin ido na awa uku zuwa huɗu kacal, alhali ciwon na buƙatar a danne shi dare da rana har ƙarshen rayuwa. Likitocin ido ba sa ba da shawararta. Maganin ɗigawa da tiyata ne ke kare gani.

Asma, rashin barci da damuwa. Hayaƙin na tsokanar hanyoyin numfashi, yana ƙara tari da majina. Tana sa barci a farkon sha, amma idan jiki ya saba sai barcin ya gagara in ba ita. Ga masu fargaba da baƙin ciki, THC mai yawa yakan ƙara tsananta su.

Me ya raba magani da abin da ake sayarwa a ɓoye?

Awo. A kwalbar Epidiolex an san adadin sinadarin da ke cikin kowane ɗigo, ana lissafa shi da nauyin yaro. A ƙullin wiwi babu wanda ya san ƙarfinta, har shi mai sayarwar. Ana iya samun feshin maganin ƙwari ko fumfuna a jikinta. Akwai kuma nau'o'i masu ƙarfi da ake kira Loud da Arizona, da wadda ake kira Colorado, wadda sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadaran da aka haɗa a ɓoye, masu ƙarfin da ya ninka na THC sau da yawa. Irin waɗannan na jawo jijjiga, lalacewar ƙoda da mutuwar farat ɗaya. Wani haɗi makamancin wannan da ake kira kush ne ya sa Saliyo ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Afrilun 2024.

Man CBD da ake talla a intanet shi ma ba abin dogaro ba ne. Wani bincike a Amurka a 2017 ya auna kaya 84 da aka saya ta intanet: kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai abin da ke ciki ya yi daidai da abin da aka rubuta a jiki, kuma an samu THC a cikin 18.

Illoli

Ga ƙwaƙwalwa. Tana rage tunawa, mai da hankali da saurin yanke shawara. Ƙwaƙwalwa ba ta gama girma sai wajen shekara 25, don haka ɗalibin sakandare ko na jami'a ya fi dattijo cutuwa.

Taɓin hankali. Wannan ce illar da ta fi kawo iyalai asibiti: jin muryoyi, zargin ana bin mutum ko an yi masa sammu, surutai, faɗa ba dalili. Wani babban bincike a biranen Turai da Brazil, da aka wallafa a 2019, ya nuna masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen kamuwa da taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau biyar. Ba kowane mashayi ke haukacewa ba, amma babu gwajin da zai gaya wa mutum tun da wuri ko yana cikin waɗanda za ta taɓa.

Jaraba. Kusan mutum ɗaya cikin goma da suka fara sha kan kasa dainawa. Ga waɗanda suka fara tun suna samari, ɗaya ne cikin shida.

Zuciya da huhu. Tana ƙara bugun zuciya, kuma haɗarin toshewar jijiyar zuciya na ƙaruwa a awar farko bayan zuƙa. Masu daɗewa suna sha na fama da tari da majina.

Amai marar tsayawa. Wasu da suka yi shekaru suna sha kullum kan kamu da amai da ciwon ciki da ke zuwa yana komawa, suna jin sauƙi idan sun yi wanka da ruwan zafi. Sau da yawa ana ɗauka gyambon ciki ne ko taifod. Dainawa ce kaɗai maganinsa.

Tuƙi. Jega mahaɗa ce ta manyan hanyoyi: ta Sakkwato, ta Birnin Kebbi, da wadda ta bi ta Maiyama zuwa Koko da Yawuri. Direba ko ɗan kabu-kabu da ya zuƙa yana jin kamar ya ƙara natsuwa, alhali saurin taka birkinsa da auna tazararsa sun ragu. Idan ya haɗa da kodin, tramadol ko diazepam, haɗarin ya ƙara ninkuwa.

Waɗanda ya kamata su fi kowa nisantarta

Masu juna biyu, domin THC na ratsa mabiya ya kai ga jariri, kuma an danganta shi da haihuwar jariri marar nauyi. Masu shayarwa, domin yana fita a nono kwanaki bayan an sha. Duk wanda bai kai shekara 25 ba. Wanda ya taɓa samun taɓin hankali ko akwai shi a danginsu. Masu ciwon zuciya, hawan jini, ciwon hanta, asma ko tarin fuka. Masu shan warfarin, clobazam ko magungunan barci, domin CBD na sauya yadda hanta ke sarrafa su.

Matsayin doka

A Nijeriya noman wiwi, sayarwa, mallaka da shanta duk laifi ne a ƙarƙashin dokar tabar wiwi ta 1966 da dokar hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, kuma hukuncin ɗauri ne na shekaru. Cewa don magani aka ajiye ba ya kare mutum a kotu. A ranar 2 ga Disambar 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ya cire wiwi daga rukunin da ake ɗauka kusan ba shi da amfanin magani, da ƙuri'a 27 a kan 25, Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Matakin bai halasta ta ba, tana nan a jerin abubuwan da ake tsaurarawa. Lesotho a 2017 da Maroko a 2021 sun ba da izinin nomanta don magani bisa lasisi. An kai irin wannan ƙuduri Majalisar Wakilai ta Nijeriya, bai zama doka ba.

Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a shekarar da aka auna. A Arewa maso Yamma, inda Kebbi take, kusan mutum miliyan 3 ne suka yi ta'ammali da wani nau'in ƙwaya. Idan matsalar ta shigo gidanku, ku sani ba ku kaɗai ba ne.

Alamomin da ke buƙatar asibiti nan take

- Ciwon ƙirji, bugun zuciya mai tsanani ko sarƙewar numfashi
- Jijjiga, suma ko barcin da aka kasa tayar da mutum
- Jin muryoyi, tsananin tsoro, ko barazanar cutar da kai ko wani
- Amai da ya hana shan ruwa
- Yaro ya ci ko ya sha wani abu da aka haɗa da ita, ko da yana ganin lafiya lau

Ku kwantar da wanda ya suma ta gefensa, kada ku ɗura masa madara ko manja, ku tafi da ragowar abin da ya sha. Kada ku ɗaure mai ruɗewa da mari ko ku doke shi.

Idan ana son dainawa

Wanda ya saba sha kullum zai ji jiki idan ya bari: saurin fushi, rashin barci, munanan mafarkai, rashin cin abinci, gumi. Yakan fara bayan kwana ɗaya ko biyu, ya fi tsanani a makon farko, ya lafa cikin mako biyu zuwa uku, ko da yake barci na iya ɗaukar wata kafin ya daidaita. Wannan ba ya kisa, amma nan ne mafi yawa ke komawa. Babu ƙwaya ko allurar da ke wanke wiwi daga jini. Abin da ke aiki shi ne zaman shawara da ƙwararre, sauya abokan zama, samun abin yi, da maganin ciwon da ya sa aka fara tun farko. Iyaye su sani kora da gori ba sa raba yaro da ita, sai dai su raba shi da gida.

Ku fara da babban asibitin garinku a Jega, Aliero ko Maiyama. Daga nan za a iya tura ku Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato, inda ake kwantar da masu taɓin hankali da masu son rabuwa da ƙwaya. Hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da layin kira kyauta, 0800 1020 3040.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku gaya wa likita abin da ake sha, nawa, tun yaushe, da abin da ake haɗawa da shi, musamman kafin tiyata, domin mai shan wiwi kan buƙaci wani awo daban na maganin sa barci. Abin da kuka faɗa a ɗakin likita sirri ne, kuma da shi za a zaɓa muku maganin da ya dace.